Bishiyar da Za Ta Zauna da Iyalinka

 

Yau zancen bishiya za mu yi, bishiyar gida, wadda mutum ke dasawa a tsakar gidansa ko a ƙofar gida don ta ƙawata masa wuri. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne irin ginin da muke yi yanzu. Ku zaga sababbin unguwannin Kano ko Katsina, ku leƙa na Maraɗi ko Yamai. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, fenti sabo fil. In aka buɗe maka ka shiga, tun daga bakin ƙofa har gindin baranda intalok ne ko siminti, ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Sai can jikin katanga ka ga an jera wasu bishiyoyi dogaye sirara, ganyensu a sunkuye, kore shar. Maigida zai ce maka ai ya yi shuka. Kuma da gaske ne, ya kashe kuɗinsa, niyyarsa ta kirki ce.

To amma ka koma gidan nan da ƙarfe uku na yamma a watan Afrilu. Yaro ba zai iya taka tsakar gidan babu takalmi ba. Butar da aka manta a waje, ruwanta ya isa ya ƙona hannun mai alwala. Uwargida na son ta tsince shinkafa ko ta yi wa yarinya kitso, ba ta da inda za ta shimfiɗa tabarma, sai dai ta koma ɗaki, ɗakin kuma ba wuta, fanka a tsaye. Da dare ya yi, lokacin da aka saba fito da katifu a sha iska, sai simintin da ya wuni yana haɗiyar rana ya shiga amayar da zafinsa har talatainin dare. Maigida ya wuni a kasuwa ko a ofis. Waɗanda suka wuni cikin wannan zafi su ne mata da yara da tsofaffi, kuma su ne ba a cika tambaya ba ranar da za a zaɓi abin da za a dasa. Don su nake wannan magana.

Abin ba ji da jiki kaɗai ba ne, an auna. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa daɓen da ke ƙarƙashin inuwa yana iya fin wanda rana ke duka sanyi da digiri 11 zuwa 25. Kuma aikin bishiya ya wuce tare rana. Tana zuƙo ruwa daga ƙasa, ta fitar da shi ta ganye, wannan raɓar da ba a gani ita ke sanyaya iskar da ke kewaye da ita. Shi ya sa inuwar bishiya ta bambanta da ta rumfar kwano, wadda ita kanta ɗaukar zafi take yi ta sauke maka a ka. Zafin kuwa ƙaruwa yake. A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48 da rabi. Mu ma nan, digiri 40 da ɗoriya a bazara ya zama ruwan dare.

Ita wannan siririyar bishiya da ake jerawa jikin katanga daga Indiya da Siri Lanka ta fito, can ashoka ake ce mata. Ban raina ta ba. Ba ta cin wuri, ba ta tsiraita lokaci guda, tana rufe munin katanga, tana rage ƙura da hayaniyar titi. Amma rassanta ƙasa suke zubowa jikin gangarta, saboda haka ko ta kai tsayin bene, inuwarta ba za ta ishi mutum biyu zama ba. Haka ma doguwar kwakwar adon nan mai farar ganga sumul, wadda asalinta na Kuba ne da ƙasashen da ke kusa da ita. A harabar otal tana da kwarjini. A gidan iyali kuwa, Hausawa sun riga sun yanke hukunci tun da daɗewa: inuwar giginya, na nesa ka sha. Ga ta kuma da son ruwa, a garin da jarka-jarka ake saye a hannun 'yan garuwa.

Kada wani ya ɗauka faɗa nake da baƙin itatuwa. Bishiyar da ta fi kowace yi mana hidima a garuruwanmu baƙuwa ce. Darbejiya, ko dogon yaro, ko maina, ko bedi, duk yadda garinku ke kiranta, daga yankin Indiya ta zo. An kai ta Gana zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Ko shekara ɗari ba ta cika a wurinmu ba, amma yau wane ne zai iya kwatanta Maiduguri ko Sakkwato ko Damagaram babu ita? Da ita aka fara kewaye Yamai da ɗamarar itatuwa a 1965. Da ita aka jera shingayen tare iska a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, daga 1975. Alhazanmu kuma sun sha inuwarta a filin Arfa. Ta samu wannan matsayi ne don an jarraba ta ta ci jarrabawa: tana jure fari, tana riƙe da ganye a lokacin da ake matuƙar bukatar inuwa, gara ba ta cika damunta ba, kuma in ta yi fure a farkon bazara ƙamshinta kan cika unguwa da dare. Irin wannan jarrabawa nake so mu riƙa yi wa kowace bishiya kafin mu shigar da ita gida, baƙuwa ce ko 'yar gida. Wasu ƙasashen sun yi gaggawa sun ji a jikinsu. A 2023 jihar Gujarat ta Indiya ta hana dasa wata bishiya mai saurin girma da ake kira konokapas, bayan an cika tituna da ita, saboda saiwarta na ɓata magudanai da wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ƙurar furenta kuma na tayar wa mutane da mura da asma.

Kakanninmu ma sun san darajar itacen gari. Ku saurari sunayen wurare a Kano kawai: Durumin Iya, Kasuwar Rimi, Tsamiyar Boka, Kurna. A gindin durumi da cediya ake zaman hira, a nan ake sulhu, a nan mai saƙar hula da wanzami ke sana'a. To me ya faru har muka koma sare bishiya da zarar mun sayi fili?

In ka tambayi masu gidaje, amsoshinsu ba na banza ba ne. Wani zai ce shara, wani ya ce sauro, wani ya ce ɓarawo zai bi reshe ya dira. Na sauro mai sauƙi ne: a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, a kwata da tsohuwar taya da gwangwani, in ka gyara waɗannan ka rage cunkoson rassa iska na ratsawa, ka gama da mafi yawansa. Na ɓarawo kuma maganinsa kada a bar reshe ya hau katanga. Amsar da ta fi nauyi, wadda ta cancanci mu tsaya a kanta, ita ce saiwa.

Gidan jiya yana da faɗi, ginin ƙasa ne, ba bututun ruwa a binne, ba sokawe. Gidan yau fuloti ne ƙafa 50 da 50, in an samu yalwa 50 da 100, wani ma awon igiya ne da ko hakan bai kai ba, kuma ƙarƙashinsa cike yake da bututu da ramin masai da tankin ruwa. Saiwa kuwa danshi take bi. Duk inda bututu ya ɗan tsage yana ɗiga, za ta same shi, ta shiga da siririn gashi, gashin ya yi kauri har ya toshe hanya. Durumi da cediya da gamji da ɓaure duk dangi ɗaya ne, kuma a wannan fage ba su da na biyu. Ina ƙaunar durumi, ban san inuwar da ta kai tasa duhu da sanyi ba, amma ba zan ba mai ƙaramin fuloti shawarar ya kafa shi a tsakar gida ba. Wurinsa dandali ne, da harabar masallaci, da filin makaranta. Maɗaci ma haka, wanda Turawa suka jera a titunan Kaduna da Zariya da Kano, itace ne na sarari. Ita kanta darbejiya ta fi dacewa da ƙofar gida, inda za ta yi wa zaure da masu wucewa inuwa, a nisanta ta da harsashin gini da sokawe gwargwadon iko. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: babbar bishiya taku goma daga gini, matsakaiciya taku biyar, ƙarama taku biyu ko uku. In filinka bai ba ka taku goma ba, to ba gidan babbar bishiya ba ne, kuma ba abin kunya a ciki.

Akwai wadda ta yi farin jini a 'yan shekarun nan, mai rassa hawa-hawa a shimfiɗe da ƙananan ganye, wadda wasu masu dashe ke kira satalayit. Daga Madagaska take. Wannan kam tana da kyau kuma tana da inuwa, ga saurin girma, cikin 'yan shekaru za ka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Aibinta shi ne saiwarta sama-sama take tafiya. In ka matse ta da intalok, za ta ɗaga shi ta bankaɗe, ka dawo kana zaginta alhali kai ka hana ta numfashi. 'Yar'uwarta mai manyan ganye, wadda yara ke fasa ƙwallonta su ci, ita ma inuwarta mai kyau ce, sai dai a shirya wa shara. Sai filamboyan, ita ma 'yar Madagaska, mai dogayen kwanso, wadda kan rufe kanta da jan fure gab da faɗuwar damina. In ta yi furen nan, ko ba ka damu da itatuwa ba sai ka tsaya ka kalla. Amma a sani, takan kaɗe ganyenta a rani, rassanta na da saurin karyewa, saiwarta kuma ba ta zaman lafiya da daɓe. A babban gida, can wani lungu da za a riƙa hango ta, ta yi. A matsayin bishiyar inuwa ɗaya tilo, ba ta yi ba.

Wurin da aka dasa bishiya yana da muhimmanci daidai da irinta, kuma a nan ilmin tsofaffin magina ya ishe mu. Ranar da ke dafa ɗaki ita ce ta yamma, daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Bangon da ke kallon yamma shi ke ɗaukar wutar nan ya ajiye wa masu barci. Saboda haka in bishiyar inuwa ɗaya za ka iya dasawa, sa ta a yammacin ɗakunan kwana, yadda inuwarta za ta faɗa kan bango da taga. Hadari kuwa a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, da iskarsa mai ƙarfi ta farkon damina. Don haka doguwar bishiya mai gautsi, irin turaren nan da aka kawo daga Ostareliya, kada ta tsaya a gabashin ɗaki, inda in ta karye kan rufi za ta faɗo. Ni dai turare ko kaɗan ba na son ganinsa a cikin gida: tsayinsa ya wuce kima, yana shanye danshin wuri, ba abin da ke yin kirki a gindinsa. A ɗaga kai kuma a dubi wayar lantarki kafin a haƙa rami. Bishiya nawa muka gani an gundule mata kai rabi saboda waya, ta koma abin tausayi?

To mai ƙaramin gida fa, wanda shi ne mafi yawanmu? Shi ma yana da rabo, kuma a ganina rabonsa ya fi daɗi, don itatuwan da suka dace da shi ado ne kuma abinci ne. Lemun tsami ganyensa kore ne duk shekara, furensa na ƙamshi, uwargida kuma ta huta da aike. Rumman ba ya girma sosai, furensa ja ne mai ɗaukar ido, yana jure zafi. Gwaba na ba da inuwar da ta ishi turmi da kujera biyu. Mangwaro mai aure ba ya kai girman na gargajiya kuma yana fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Lalle in aka jera shi ana aske masa kai, shinge ne mai kyau, ga ƙamshin furensa da yamma, ga amfanin ganyensa da kowace mace ta sani. Inda kuwa ba wurin bishiya sam, a kafa rumfa ta ƙarfe ko ta azara a ɗora mata inabi ko bugambiliya, furen nan mai launi kala-kala da ya zo daga Kudancin Amurka. Bugambiliya na son rana, kuma ƙarancin ruwa ma ƙara mata fure yake yi, sai dai a kula da ƙayarta inda yara ke wasa. Mai haya ma kada ya ce ba shi da hali. Rabin duro da aka huda gindinsa zai riƙe rumman ko lemun tsami shekaru, ranar tashi a ɗora a mota a tafi da shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai. In ka tsaya wurin masu sayar da dashe a bakin titi, za ka ga ledoji jere, ɗaruruwa, kusan duk baƙi. Ka tambayi marga, sai mai lambu ya dube ka da mamaki. Alhali duk wanda ya taɓa ratsa dajinmu a ƙarshen rani ya ga marga ta yi fure, zarara-zarara ruwan ɗorawa suna reto daga rassa, a lokacin da komai ya bushe ya yi fari. Bishiya ce matsakaiciya, ba ta neman ban ruwa in ta kafu, kuma 'yar'uwarta ta Indiya ce ake sayarwa da tsada a matsayin itacen ado a duniya. Ga sansami, wanda kan lulluɓe da fure mai ruwan hoda tun kafin ya fitar da sabon ganye. Ga minjirya mai jan fure, da aduruku, waɗanda iyayenmu ke kafa rassansu kawai a jikin danga su kama. Ga gurjiya ga mai babban fili, da jajayen furanninta masu kauri a lokacin hunturu. Sai kariya, mai kumburarren gindi da fure ja da fari, wadda ke tsirowa a fako inda ba abin da ke rayuwa. Mu mun bar ta a daji. A ƙasar Tailan kuwa an mayar da ita sana'a, ana aurar da ita ana fitar da launuka iri-iri, ana sayar wa duniya a tukwane, har ta dawo mana a matsayin furen waje.

Waɗannan itatuwa sun san ƙasarmu. Sun san wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, sun san hunturu, sun san gara. Ban ɗora wa masu lambu laifi ba, abin da ake nema suke rainawa. In yau mutum goma suka tambayi marga, baɗi za a same ta a leda. Kuma ina kira ga ma'aikatun gandun daji na jihohi, da tashar binciken shingen itatuwa da ke Kano, su riƙa ware wani kaso na dashen da suke rainawa domin irin waɗannan, a daina barin gidajen mutane da zaɓi biyu ko uku kacal.

Amma a nan akwai gargaɗi, kuma ina roƙon iyaye mata su saurara da kyau. Kariya, duk kyanta, ruwan jikinta dafi ne, mafarauta sun daɗe da sanin haka. Akwai kuma wasu furanni biyu da suka cika gidaje da makarantu. Ɗaya mai dogayen ganye sirara da fure ruwan hoda ko fari, ana kiransa oliyanda. Ɗayan mai fure ruwan ƙwai mai siffar mazurari, da 'ya'ya kore masu ƙwallo a ciki, in ka karya reshensa farin ruwa ya fito. Dukansu guba ne tun daga ganye har ƙwallo, suna taɓa zuciya, suna iya kashe yaro ko akuya. In gidanka akwai masu rarrafe da masu kai komai baki, ka haƙura da su, ko ka sa su inda hannu ba ya kai. In kuwa yaro ya ci, asibiti za a nufa nan take, kada a tsaya jiran alama.

Mu koma wurin mai dashe, don a nan ake yin kuskuren farko. Ido yakan tafi kan dashen da ya fi tsayi, a ce wannan ya kusa zama bishiya. Ɗaga ledar ka duba gindinta. In ka ga saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ko ka tsaga gefe ka tarar ta nannaɗe tana zagaya kanta, ajiye shi. Dashen da ya daɗe a leda haka yakan zauna shekaru bai motsa ba, in ma ya girma iska na iya tumɓuke shi, don saiwarsa ba ta taɓa koyon nitsewa ba. Ɗauki wanda bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, mai kauri a gindi, ganyensa lafiyayye. Shi zai wuce dogon nan cikin shekara biyu. Ka kuma tambayi mai lambu girman da bishiyar za ta kai da yadda saiwarta take, in ya yi maka kame-kame, je ka nemi babbarta a gari ka gani da idonka.

Ramin a haƙa shi da faɗi, kamu uku a kowane gefe, zurfi ma haka. Ƙasar sama a ware ta daban, a cuɗa ta da taki wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin shanu ƙona saiwa yake yi kuma gayyatar gara ne. A sabon gida, a tabbata an kwashe ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da magina suka binne, don sau da yawa su ke kashe dashe a rasa dalili. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Na sha ganin an tura dashe rami da ledarsa, wai ai za ta ruɓe, leda kuwa ba ta ruɓewa. Kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a leda. A danna ƙasa, a yi masa ɗan gurbi mai riƙe ruwa. In wurin intalok ne, a cire aƙalla taku ɗaya ta kowane gefe a bar ƙasa a buɗe. Lokacin dashe kuwa shi ne sa'ad da damina ta zauna sosai, ƙarshen Yuni zuwa Yuli a yawancin ƙasar Hausa, don ya samu wata biyu ko uku na ruwan sama kafin kaka. Masu jira sai Agusta ta raba, sun makara.

Rani na farko da na biyu su ne gwajin. Yayyafi kullum ba shi da amfani, saiwa sama yake jawowa. Gara a ba shi bokiti guda ya ratsa ƙasa sau biyu a mako, da yamma. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya duk sun isa, a kauce wa ruwan wanki mai omo kawai. Akwai kuma dabarar da ke rage wahala ƙwarai: a samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba, a binne shi har wuya kusa da dashen, a cika shi da ruwa a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali daidai inda saiwa take, ba wanda rana za ta ɗauke. A baza busasshen ganye a kewaye don riƙe danshi, amma kada ya taɓa jikin dashen, a ɗan barbaɗa toka saboda gara. Na ƙofar gida kuma dole a kewaye shi, da ƙaya ko tubali ko tsohon kwando, don akuya ɗaya ta isa ta gama da wahalar wata shida kafin ka dawo daga masallaci.

In ya kama, sai gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ainihin iccen ake nufi. A zaɓi ganga ɗaya, a riƙa cire ƙananan rassan ƙasa kaɗan-kaɗan har inuwar ta tashi sama da kan mutum. A yi yankan da zarto ko wuƙa mai kaifi, dab da gindin reshe, ba sara da gatari a bar tsage inda ruɓa za ta shiga ba. Reshen da ya nufi gidan maƙwabci a cire shi tun yana ƙarami, kafin ganye ya toshe masa indararo a kai ga mai unguwa.

Wanda kuma ya ji sha'awar marga bai same ta a kasuwa ba, yana iya raino da kansa. A tsinko busassun kwansonta a rani, a fasa a fitar da iri. Ɓawon irin tauri gare shi, don haka a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefensa da wuƙa. A shuka a leda cikin watan Maris ko Afrilu, a ajiye a inuwa ana ba shi ruwa. Kafin Yuli ya kai na dashe.